Ma'anar Kalma: Ta-Seti

Duk mai bibiyar muhawarar tarihin Misira da Sudan ya sha cin karo da kalmar Ta-Seti. A harshen Misirawan dā ma'anarta "ƙasar baka", bakan harbi ke nan. Da wannan suna suke kiran ƙasar Nubiyawa, maƙwabtansu na kudu a gaɓar kogin Nilu, saboda gwanintarsu da kwari da baka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne, lardin farko na Misira kanta daga kudu, wato yankin Aswan na yau, shi ma Ta-Seti ake ce masa. Suna ɗaya, gida biyu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna iyakar ba katanga ba ce, kasuwa ce. Tsibirin da ke wajen ma Abu suke kiransa, wato giwa, kuma ta nan hauren giwa da zinariya da fatu ke wucewa arewa. Kudu kuwa ta karɓi tulunan giya da kayan aikin jan ƙarfe, an kuma tono su a kaburburan Nubiyawa na kafin shekara ta 3000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Ba kaya kaɗai suka tsallaka ba, har mutane. A kabarin wani hakimi mai suna Mesehti a Asyut, cikin Misira, an samu ƙananan mutum-mutumin katako na maharba Nubiyawa 40, a jere sahu-sahu, kowa riƙe da bakansa da kibau, yau kimanin shekara 4000. A Gebelein kuma, shi ma cikin Misira, sojojin Nubiya sun zauna, sun yi iyali, aka binne su bisa al'adar Misira. Amma a allunan kabarinsu ba su ajiye bakan ba, ga kuma karnukansu a gefe.

Inda gardama ta yi zafi shi ne kan wani kaskon turare na dutse da masanan Jami'ar Chicago suka tono a Ƙustul, cikin ƙasar Nubiya, a shekarun 1960. An zana jiragen ruwa a jikinsa, da wani mutum mai kama da sanye da farar hular sarautar Misira. A 1980 Bruce Williams, wani masani na jami'ar, ya ce mai yiwuwa sarautar fir'aunanci daga Nubiya ta faro. Masana da yawa ba su yarda ba, ganin an samu alamun sarauta da suka girmi kaskon a Abidos, cikin Misira. Ni dai na fi karkata ga cewa sarakunan ɓangarorin biyu sun ari alamomin juna. Ƙustul ɗin kanta yanzu tana ƙarƙashin ruwan tafkin Nasser.