Don Allah ku daina ɗige-ɗige a idon yara

Tun da aka shiga girbin hatsi, da wuya gari ya waye a nan Tahoua ba a kawo mana mai ciwon ido gidan likita ba, kuma labarin ɗaya ne. Ganyen kara ya karci ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa ido wajen sussuka, sai a zauna gida ana ta gwaje-gwaje. Uwa ta tatsa nono, maƙwabciya ta kawo ruwan albasa, kaka ta ce a jiƙa sukari, wasu ma har fitsari. Sai yaro ya kasa buɗe ido a rana, kwantsa ta manne masa gashin ido, fari ya fito a tsakiya, sannan a goyo shi a kawo.

Haba iyayena! Na san tausayi ne ke sa ku, ba wadda ke son ɗanta ya makance. Amma a saman baƙin ido akwai wata fata garau kamar gilashi, kaurinta kusan rabin milimita ne kawai, ta nan haske ke shiga. In ta yi gyambo ta warke, farin tabo take bari, hakiya ke nan. Wannan fa ba yanar idon tsofaffi ba ce da ake cirewa da aiki mutum ya koma gani. Hakiya in ta zauna a tsakiyar ido, da wuya mu iya yi mata wani abu.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne 'yan kwalaben nan na masu tallan magani a kasuwa. Da yawansu akwai deksametazon a ciki, wani magani mai kwantar da kumburi. Jan ido zai ragu, ku ce an samu sauƙi, alhali gyambon yana ta ci a ƙarƙashi har ido ya ɓule. Wa ya duba idon kafin ya sayar muku? Ba kowa. Ku bari!

Yaro mai ƙyanda kuwa idonsa ya riga ya yi rauni, kada a sa masa komai, ko kwalli.

In abu ya faɗa ido, a wanke hannu, a zuba ruwa mai tsabta da yawa, ban da murzawa. In da zafi, ko gudun haske, ko ɗigon fari, a zo likita ran nan, in ya fi ƙarfinmu mu tura ku sashen ido. Yara daga wata 6 zuwa shekara 5 a kawo su karɓar bitamin A duk wata 6. Kwalbar da aka rubuta wa wani kuma, ko ta mai gida ce, ba ta ɗanki ba ce.