Single malt ko blended: me dokar Sikotlan ta ce a kan rubutun jikin kwalbar wiski

Duk kwalbar da aka rubuta Scotch Whisky a jikinta, ko a Landan aka saye ta ko a shagon filin jirgin Dubai ko a wani otal a Abuja, akwai doka guda da ta tsara abin da za a zuba a ciki da abin da za a rubuta a waje. Sunanta Scotch Whisky Regulations, gwamnatin Birtaniya ce tayi ta, ta fara aiki ranar 23 ga Nuwamba 2009, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1988. Maganar halal da haram dai a fili take, musulmi ya san hukuncin giya, kuma jihohin da ake shari'a irinsu Kano da Zamfara suna da tasu dokar da Hisba ke aiki da ita. Anan maganar dokar ƙasar masu abin ce, yadda suka kafa wa sana'arsu shinge, sana'ar da a 2022 kaɗai ta fitar da kaya na sama da fam biliyan 6 zuwa ƙasashen waje.

To me ake nema kafin a kira abu wiskin Sikotlan? Na farko dole a Sikotlan aka yi shi tun daga jiƙa gari har zuwa tacewa, duk a matata ɗaya, da ruwa da sha'ir mai tsiro, wato sha'ir da aka jiƙa ya fara fitar da tsiro sannan aka busar. An yarda a ƙara wasu hatsi kamar alkama ko masara amma tsabarsu ɗungurungum, kuma ba a yarda a zuba wani sinadarin kanti da zai mayar da gari sukari ba, sai dai ƙarfin da yake cikin tsiron kansa yayi aikin, yis kaɗai ake sawa ya tashi. Wajen tacewa ƙarfin barasar kar ya kai kashi 94.8 cikin ɗari, dalili kuwa in ya wuce haka ƙamshin hatsin ya gudu kenan, abin ya zama farar barasa mara ɗanɗano. Daga nan sai a ɗura a gangar itacen oak wadda bata wuce lita 700 ba, ta zauna a sito cikin Sikotlan aƙalla shekara 3, ko kwana ɗaya ya rage ba wiski bane a idon doka. In za a zuba a kwalba ƙarfinsa kar ya gaza kashi 40, kuma abu biyu kacal aka yarda a ƙara, ruwa da kalar ƙonannen sukari. Shikenan. Ka zuba zuma ko wani ɗanɗano to ya tashi daga wiski, shi yasa Drambuie, wata giya mai zaƙi da ake sa wa zuma, duk da wiskin Sikotlan ne tushensa ba a sayar da shi da sunan Scotch Whisky. Har ma dokar ta hana a yi wani wiski a cikin Sikotlan wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba zaka ce ai ni nawa daban ne ba.

Inda mutane suka fi rikicewa shine rabe-raben. Doka ta kasa shi gida biyar kuma ta ce dole a rubuta ko wanne ne a gaban kwalba ɓaro-ɓaro, ba a can baya da ƙananan haruffa ba. Single Malt shine wanda aka yi da ruwa da sha'ir mai tsiro zalla, a matata ɗaya, a cikin tukwanen tagulla da ake ɗorawa a sauke a sake ɗorawa. Mutane da yawa suna ɗauka daga ganga ɗaya aka ɗebo shi, ko kusa, kwalbar Glenfiddich mai shekara 12 haɗin ganguna ne masu ɗimbin yawa, abin da doka ta damu da shi kawai duk daga matatar Glenfiddich da ke Dufftown suka fito. Single Grain shima matata ɗaya ne amma an sa wasu hatsi, ko kuma an tace shi a doguwar na'urar nan mai kama da hasumiya da take aiki ba tsayawa. Wannan sharaɗin na tukunya ba wasa bane, matatar Loch Lomond tana yin wiski da sha'ir mai tsiro zalla a doguwar na'ura, amma tunda ba a tukunya bane dole ta rubuta Single Grain. In aka haɗa single malt na matatu biyu ko fiye ya zama Blended Malt, irin Monkey Shoulder, in grain da grain ne Blended Grain wanda ba kasafai ake ganinsa ba, sai kuma babban, Blended Scotch Whisky, haɗin malt da grain, nan Johnnie Walker Red da Black da Chivas Regal da Ballantine's suke, kuma mafi yawan wiskin Sikotlan da ake sayarwa a duniya wannan ne nesa ba kusa ba.

Wannan tsauraran rabe-raben rigima ce ta haifar da su. A 2003 kamfanin Diageo ya ga single malt ɗinsa na Cardhu yana tafiya sosai musamman a Sifaniya har kayan sun kasa isa, sai ya fara haɗa malt na wasu matatunsa yana zubawa a kwalba mai siffa iri ɗaya da suna iri ɗaya, illa dai ya canza rubutun daga single malt zuwa pure malt. Sauran kamfanoni suka ce basu yarda ba, William Grant and Sons masu Glenfiddich ne kan gaba, suka ce mai saye zai zaci abin da ya saba ne alhali an canza masa, maganar har majalisar dokoki ta kai, a 2004 Diageo ya janye. Da aka zo rubuta dokar 2009 sai aka haramta pure malt ɗin gaba ɗaya, aka kuma ce ba za a sa sunan matata a matsayin sunan wiski ba sai in duk abin da ke cikin kwalbar a can aka tace shi. An ƙara da cewa daga Nuwamba 2012 single malt ba zai bar Sikotlan ba sai a cikin kwalba da takardarsa a manne. Blended kuwa ana iya ɗaukarsa a manyan tankuna a kai wata ƙasa a ɗura, amma banda a gangar katako, sabida kar a ce ya ƙarasa tsufansa a waje.

Sai maganar shekaru, wadda ita tafi jan ido. Lambar da ka gani a kwalba shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin haɗin. In aka haɗa mai shekara 30 da mai 25 sannan aka ɗiga ɗan mai shekara 8, to 8 za a rubuta ko kuma kar a rubuta komai. Dan haka Black Label mai 12, duk malt da grain da ke ciki babu wanda ya gaza 12, Red Label kuwa da babu lamba abin da doka ta tabbatar maka kawai ya kai 3. Kuma zaman ganga ake ƙirgawa, kwalbar da ta shekara ashirin a kabad shekarunta basu ƙaru ba. Tsadar tsoho ma tana da dalili banda suna, a yanayin Sikotlan kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ganga yana bin iska duk shekara, ga kuɗin sito ga jarin da aka binne shekara da shekaru. Amma ƙa'idar nan tana da inda take cizon mai gaskiya. A 2015 wani ƙaramin kamfanin haɗa wiski mai suna Compass Box ya bayyana shekarun kowane wiski da ya zuba a wasu kwalabensa biyu dalla-dalla, aka ce masa ya saɓa ƙa'ida, mafi ƙuruciya kaɗai aka yarda ya tallata. A ganina anan dokar ta wuce gona da iri, an yi ta ne dan hana mai ɗiga tsoho kaɗan yayi ta kururuwa da shi, sai gashi ta rufe bakin wanda yake so ya faɗi komai.

Kala kuma kar ta ruɗi kowa. Tunda an halatta ƙonannen sukari, kuma a Birtaniya ba dole bane a rubuta an sa, wiski mai duhu ba lallai tsoho bane, a Jamus ne ake tilasta rubuta cewa an sa kala. Duhun gaske daga ganga yake zuwa, wadda aka taɓa ajiye giyar sheri ta Sifaniya a ciki tana bada ja-ja da zaƙi irin na busassun 'ya'yan itace, wadda ta fito daga Amurka bayan an ajiye wiskinsu na bourbon a ciki tana bada ruwan zinare. A 2019 an ɗan sassauta aka yarda da gangunan da aka ajiye wasu giyoyi irinsu tekila ta Meziko da kalbados ta Faransa.

Akwai sunayen wurare biyar da doka ta kare, Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da tsibirin Islay, ba zaka rubuta ɗaya ba sai in a can aka tace duka. Amma fa wuri kawai ta tabbatar, bata ce ga ɗanɗanon da zaka ji ba. An san Islay da warin hayaƙi sabida suna busar da tsiro da wata baƙar ƙasar fadama da ake haƙowa a shanya a ƙona, Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg duk haka suke, amma a tsibirin dai akwai Bunnahabhain da yawancin nasa babu hayaƙin.

Yanzu tambayar da kowa ke yi, wai single malt ya fi blended? Ko layi ɗaya babu a dokar da ya ce haka. Wannan gardamar ma ta haura shekara ɗari. Bayan Aeneas Coffey ya yi rajistar doguwar na'urarsa a 1830, sannan dokar 1860 ta bada damar haɗa malt da grain a sito kafin a biya haraji, 'yan kasuwa irinsu Andrew Usher na Edinbara suka fara haɗin da ya fi laushi a maƙogwaro kuma ya fi araha, masu tukunya suka ce wannan ba wiski bane. A 1905 hukumar unguwar Islington a Landan ta kai wasu masu sayarwa kotu kan cewa abin da suke bayarwa da sunan wiski ba shi bane, alƙali ya yarda da hukumar, manyan kamfanonin grain suka ƙi haƙura har aka kafa kwamitin bincike na masarauta, a 1909 ya ce duka biyun wiski ne. Sharaɗin tsufa kuwa lokacin yaƙin duniya na farko ya shigo, a 1915, ministan Birtaniya Lloyd George yana neman rage shan ma'aikata, a 1916 aka tsayar da shi shekara 3, wato abin da yau ake alfahari da shi asalinsa takurawa ce. Aikin mai haɗa blended kamar na mai haɗa turare ne, gwaninta ce a sa abu talatin ko arba'in su fito da ƙamshi ɗaya bana da baɗi ba canji. Single malt yana baka halin wuri guda da kaifinsa, wani ya so wani ya ƙi, blended kuma an gina shi ne ya zauna lafiya da ƙanƙara ko soda. Akwai blended mai shekara 21 da yafi single malt da yawa tsada da kyau, akwai kuma single malt ɗan shekara 3 da ba abin da yake sayarwa sai sunan. Masu harkar da kansu sukan ɗiga ruwa kaɗan a kofi kafin su shinshina, musamman wanda aka rubuta cask strength, wato yadda ya fito daga ganga ba a sirka shi da ruwa ba, da ƙarfinsa kan haura kashi 55.

Hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya, HMRC, ita ke bin matatu da wuraren ɗura kwalba tana tantancewa, saɓa dokar laifi ne mai tara. A waje kuma ƙungiyar kamfanonin, Scotch Whisky Association, ita ke yawo kotu-kotu. Ta kai wata matata a Kanada ƙara kan sunan Glen Breton, wai Glen zai sa a zaci na Sikotlan ne, ta sha ƙasa a 2009, amma a Jamus ta yi nasara kan Glen Buchenbach, kotun Hambug ta bata gaskiya a 2019 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2022. Yawancin abin da ake kira wiski a Indiya da ruwan rake ake yinsa, shi yasa ba ya shiga kasuwar Turai da wannan sunan.

Inda hannun dokar baya kaiwa shine kwalbar gaske da aka sake cikawa. A Najeriya NAFDAC ta sha kama masu tara tsofaffin kwalaben manyan kamfanoni suna ɗura haɗin gida su manna sabon murfi, takardar jiki tana cewa Blended Scotch Whisky shekara 12 alhali abin ciki ko hanyar Sikotlan bai sani ba, wani lokacin ma da barasar guba ta metanol a ciki mai makantarwa ko ya kashe. Anan sai dai a duba lambar NAFDAC da hatimin murfi da lambar da aka buga a jikin gilashin, kuma in farashin ya faɗi ƙasa da rabin na manyan shaguna to akwai magana. Shi yasa wasu otal-otal suke fasa kwalba ko su kankare takardarta da zarar ta ƙare kafin su zubar.