Tsaro da 'yancin mazauna gidajen kula da tsofaffi

Gidan kula da tsofaffi wuri ne da ake zaunar da wanda tsufa ko rashin lafiya ya hana shi ɗaukar ɗawainiyar kansa, ana ba shi ci da sha da magani, ana lura da shi dare da rana. A arewacin Kamaru, daga Ngaundere zuwa Garwa da Marwa, irin waɗannan gidaje ba su da yawa, domin tsoho a hannun 'ya'yansa yake ƙarasa kwanansa, kuma mutane da dama suna ɗaukar kai mahaifi wani gida abin kunya. Amma ko a gidan kulawa ko a ɗakin ɗansa, tambayar ɗaya ce: har ina za a kare mutum daga haɗari kafin tsaron ya koma tsarewa?

Haɗarin kam na gaske ne. Tsoho yakan faɗi ya karye a ƙugu. Mai cutar mantuwa yakan fita da asuba zai tafi masallaci ya kasa gane hanyar dawowa, kuma a Marwa zafin Maris da Afrilu yakan haura digiri 40. Abin da ya fi sauƙi ga mai kulawa shi ne ya kulle ƙofa, ya ɗaure mutum a gado, ko ya ba shi maganin barci. Sai dai wanda aka ɗaure ƙarfinsa raguwa yake yi, gyambon kwanciya ya kama shi, rikicewarsa ta ƙaru. Ƙarfen da ake sa wa gefen gado ma yana da nasa sharri, domin wanda ya yi ƙoƙarin haurawa daga sama yake faɗowa.

A ranar 16 ga Disamba 1991 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin kula da tsofaffi, waɗanda suka tanadi cewa mazaunin irin wannan gida yana nan da mutuncinsa da addininsa da sirrinsa, kuma yana da ta cewa a kan yadda ake kula da shi. Yarjejeniyar Tarayyar Afirka kan haƙƙin tsofaffi, wadda aka amince da ita a Addis Ababa a 2016, ta ce zama a gidan kulawa ya kasance da zaɓin mutum. Amurka ta yi doka a 1987 da ta hana ɗaure mazauni don ladabtarwa ko don sauƙaƙa wa ma'aikata aiki. Wata dokar Ingila ta 2005 kan ikon mutum na yanke wa kansa shawara kuwa ta ce yanke shawarar da wasu suke ganin wauta ce bai isa hujjar cewa hankalin mutum ya gushe ba.

Nan ne abin ya fi wuya. Dattijo mai ciwon sukari da hankalinsa, ya dage sai ya yi azumi: addini ya ba shi rangwame, ya sha ya ciyar, amma ɓoye masa abincin sahur ko yi masa ƙarya cin mutunci ne. Abin da ya fi dacewa shi ne likita ya bayyana masa haɗarin, malamin da yake jin maganarsa ya zauna da shi, in ya ƙi a gyara lokacin maganinsa a riƙa auna sukarinsa. Mai yawan fita kuma a samo masa ɗan rakiya zuwa masallacin Juma'a, a ɗinka masa lambar waya a aljihun riga, a kuma sanar da masu shagunan unguwa.