Masu tambayata kan tsofaffin motocin turbo na Amurka, ga amsa gaba ɗaya

Tambayoyin nan dai kullum su ne ake turo min, na amsa wa wannan gobe wani ya sake kawo ta. To ga su nan na haɗa, dan Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wace ce ta fi a cikinsu?

Buick Grand National ta 1986 ko 1987. An gama.

Ba V8 ba ce fa, ta yaya za a ce mata motar ƙarfi?

Wannan maganar na gaji da ita. E, silinda shida ce ba takwas irin na V8 ba, lita 3.8, amma a 1987 ƙarfin doki 245 kamfani ya rubuta mata, Corvette ta shekarar mai V8 kuma 240. Bayan matsalar mai ta 1973 da dokokin hayaƙi manyan injinan Amurka sun zama gangar jiki kawai, ga girma ga shan mai ba gudu, shi ya sa Buick suka kama turbo, na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, tun 1978 a kan Regal, motar da Grand National ta fito daga cikinta, suna gyarawa a hankali har ta nuna. Kai kana ƙirga silinda, masu ita suna ƙirga daƙiƙa.

GNX fa?

Grand National ce ta musamman da aka ƙara wa ƙarfi, guda 547 kacal aka yi, duk a 1987, Buick da kamfanin ASC/McLaren suka haɗa hannu. An rubuta mata doki 276 kuma kowa ya san an rage a takarda. Masu kyau yanzu sun wuce dala dubu 100, akwai waɗanda suka haura dubu 200 a gwanjo. In ka ga ana tallarta da araha ba ita ba ce, Grand National ce aka manna wa tambari aka huda mata gefen fenda. Ka wuce abinka.

Akwai mai giyar hannu?

Babu. Duk otomatik ne, 200-4R mai giya huɗu. In sai ka canja giya da hannunka hankalinka zai kwanta, nemi Mustang SVO ta 1984 zuwa 1986, silinda huɗu lita 2.3, giya biyar, ta fara da doki 175 ta ƙare da 200. A kwana ta fi Buick daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, a miƙaƙƙen titi kuma kar ma ka gwada.

Turbo Trans Am ɗin da nake gani ana ta yabo, ita ce ta 1980?

A'a, kuma nan ne mutane ke ƙona kuɗinsu. Turbo Trans Am ɗin Pontiac biyu ne. Ta 1980 da 1981 V8 ce lita 4.9 da kafireta, doki 210 a shekarar farko, kyakkyawa ce ta gaske amma nauyi ya yi mata yawa, ba ta gudun da surarta ke nunawa. Wadda ake yabo ita ce ta 1989, fara, guda 1,555, kuma injin Buick ɗin nan ne dai aka ɗora mata. Ka tambayi shekara kafin ka fara zumuɗi.

Yaya zan gane Grand National ta gaske?

Ba da baƙin fenti ba dai, fenti kowa na iya fesawa. Ka duba lambar shasi, harafi na 8 ya zama 7 in ta 86 ko 87 ce, 9 kuma in ta 84 ko 85 ce. Sannan ka buɗe but, a jikin murfin daga ciki akwai takardar da kamfani ya liƙa mai jerin lambobi, ka nemi WE2, ita ce shaidar Grand National, lambar shasin da ke kan takardar kuma ta yi daidai da ta gaban gilashi. Motocin nan an sha satarsu a zamaninsu, saboda haka in lamba ɗaya ta saɓa ko mai ita ya fara kame-kame kan takardu, ka yi masa sallama kawai.

Na samu guda biyu kuɗinsu kusan ɗaya. Ɗaya ta daɗe a ajiye, mil kaɗan, ba a taɓa komai ba. Ɗayar ana hawa kullum amma an canja turbo da wasu abubuwa. Wacce zan ɗauka?

To wannan ita ce tambaya, kuma ba zan ce maka ga ta kai tsaye ba don ya danganta da abin da za ka yi da motar da kuma wanda ya yi aikin.

Fara da "mil kaɗan" ɗin. Agogon motar lamba biyar gare shi, in ya cika dubu 100 sai ya koma sifili, kaga mai nuna dubu 30 tana iya zama dubu 130. Ka kalli robar fedar birki da kujerar direba da sitiyari, su ba sa ƙarya, in da rasit na gyara na shekarun baya ya fi komai. In ma gaskiya ne mil ɗin, ajiya ita ma cuta ce ga mota. Mai ya tsufa a tanki ya zama kamar danƙo, nozul sun toshe, duk wata roba ta bushe, famfon mai ya yi rauni, robar da ke tsakanin bamba da bodi tana marmashewa da ka taɓa. Ga birkinta da ake kira Powermaster, wanda da famfon lantarki yake tara matsi maimakon iskar injin, in kwalbar da ke riƙe matsin ta mutu sai ka taka birki ka ji shi kamar dutse, wannan ba abin wasa ba ne wallahi. Duk ana gyarawa, kayan suna samuwa a Amurka, amma ka ware kuɗinsu daban tun kafin ka biya, kuma kar ka ɗauko ta daga ajiya ka hau titi ka take totur har ƙasa a ranar farko.

Wadda aka taɓa kuma, ba kowane taɓi ne ɓarna ba. Wanda ya sa sabon famfon mai mai ƙarfi, ya canja sarkar taimin da ta zo da haƙoran roba daga kamfani, ya gyara birki, wannan gata ya yi maka. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya ƙara wa turbo iska bai ƙara mai ba. Injin nan in iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan sai wuta ta riƙa tashi a silinda kafin lokacinta, direba bai ma cika ji ba, sai dai wata rana gasket ya ƙone ko abin da ya fi haka. Shi ya sa masu motar na gaske suke maƙala wata ƴar na'ura Scanmaster da ke nuna musu hakan suna tafiya. In ka shiga ka ganta kuma mai motar ya iya yi maka bayanin lambobinta, hankalina ya ɗan kwanta. In ka ga an ƙara ƙarfi ba na'urar, ba rasit, ba sunan garejin da ya yi aikin, ni dai ba zan saya ba. Ka tambaye shi ko ya ajiye tsofaffin kayan da ya cire, yana ƙara mata daraja sosai ranar sayarwa. Ka kula da giya ma, ita ce ke fara gajiya in an ƙara ƙarfi, in tana zamewa tsakanin ta ɗaya da ta biyu ka sa kuɗin buɗe ta a lissafi.

To in don ajiya ne ka sayar nan gaba, wadda ba a taɓa ba. In don hawa ne, sau da yawa wadda ake hawa ta fi, da sharaɗin ka yarda da hannun da ya yi aikin. Amma duk wannan bayan ka leƙa ƙasansu ne, wadda ba ta da tsatsa a cikin biyun ita ce taka ko da wacce ce.

Tsatsa har ta kai haka?

Ta wuce haka. Injin ana sakewa, shasin da ya ruɓe kuwa aiki ne da ke cin kuɗin wata motar. Ka sa a ɗaga ta, ka duba ƙarfen shasi bayan tayoyin baya, da ƙasan ƙofofi, da daɓen ƙarƙashin kafet musamman mai rufin gilashi da ake cirewa, don yana yoyo. Motar da ta zauna a Michigan ko Ohio inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara ba ɗaya take da ta Arizona ba. Kuma dan Allah a daina saye da hoto, ka biya wani ya je ya gani da idonsa.

Kuɗina bai kai Grand National ba, in haƙura?

Kar ka damu, ba ka rasa komai ba. Regal T-Type ta 86 da Turbo T ta 87 injinsu ɗaya da ita sak, launi ne da kujeru suka bambanta, kuma yawanci sun fi sauƙi. Ni na fi son ganin mutum da T-Type mai tsafta a kan Grand National ruɓaɓɓiya.

Ta 84 da 85 fa, na ga sun fi araha?

Da dalili. Ba su da intakula mai sanyaya iskar turbo, doki 200 ne, kuma kayan injinsu sun fi wuyar samu. Mota ce mai kyau in ka san abin da ka saya, amma kar ka saye ta da niyyar mayar da ita ta 87, kuɗin zai wuce bambancin.

Zan iya kawo ta gida Najeriya?

Sitiyarinta a hagu yake, nan ba matsala. Amma ka fara zama da ejan ɗin kwastan kan dokar shekarun mota kafin ka biya ko sisi, sannan ka sani fetur mai kyau sosai take so, gurɓataccen mai sau ɗaya tare da zafin rana ya isa ya ƙona mata gasket. Kayan gyara duk sai ka yi oda, kuma ka samu makanikin da zai yarda ya karanta littafinta kafin ya sa sifana.