Dangwalen alayyahu mai sanyi a gidan biki: ku yi abinku, amma ku riƙa duba agogo

Salamu alaikum 'yan uwa mata, musamman iyayen biki da masu karɓar aikin girkin suna da walima a nan Katsina. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti cikin gari, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wani sabon yayi da ya shigo mana, wato haɗin alayyahu da kindirmo da bama, mai kauri mai sanyi, a zuba a kwano a jera karas da kokwamba da gasasshen burodi a gefe kowa ya dangwala. Wallahi yana da daɗi, ni ma ina yi a gidana kuma zan faɗa maku yadda nake yi, to amma akwai magana a kansa.

Kwanakin baya cikin zafi wata 'yar uwata ta yi walima, amarya ta ce lallai sai an yi wannan haɗi. Aka yi shi tun da hantsi, aka ɗauke wuta kafin azahar, aka fito da shi tsakar gida aka ajiye ƙarƙashin rumfa, baƙi kuwa ba su fara ci ba sai bayan la'asar sakaliya. Kafin isha'i waya ta fara shigo mani, wannan amai wancan murɗar ciki, har da Goggonmu da ta ce ita loma biyu kawai ta yi don kar amarya ta ji haushi. Washegari aka fara cewa ai sammu ne, wasu suka ce naman ne. Na ce masu naman da zafinsa aka ci shi, ku dubi abin da ya yi awa biyar yana shan iskar Afrilu.

Ku gane wani abu. Tuwo da miya, shinkafa da wake, ko dambu, duk wuta ce ƙarshensu, yawancin abin da ya shiga tukunya na ƙazanta zafi ya gama da shi. Shi wannan haɗi ba ya komawa kan wuta bayan an haɗa, kuma madara ce a cikinsa da ganye da danshi, irin wurin da ƙwayoyin cuta suke so kenan. Tsakanin digiri 5 zuwa 60 na ma'aunin zafi suke hayayyafa, wasunsu duk minti 20 sai sun ninka kansu idan wuri ya yi masu daɗi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar abinci irin wannan ya wuce awa 2 a waje, a Amurka ma hukumomin abinci suka ƙara da cewa idan zafin gari ya haura digiri 32 to awa 1 ce kawai. To mu da Afrilu da Mayu ke kai mu digiri 40 har da ɗoriya, sai ku yi lissafi da kanku. Ɗatun zogale ko na rama da muka saba, wanda ƙuli-ƙuli ne a ciki ba madara ba, shi ma in ya yini yana lalacewa, balle wannan.

Bari mu fara daga ganyen. Alayyahun da muke saye a 'Yar Kutungu ko a wurin masu tallan bakin titi ba shi ne ainihin ganyen da Turawa ke yin wannan haɗi da shi ba, nasu wani iri ne daban mai son sanyi, amma namu yana yi sarai, ni har na fi son namu don ya fi jiki. Matsalar ita ce ba ki san da wane ruwa aka yi masa ban-ruwa ba. Akwai na madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Zobe, akwai kuma na lambunan gefen gari da ruwan kwata ke ratsawa, ga takin dabbobi, ga ruwan da mai talla ke yayyafa masa daga bokiti ɗaya tun safe don kar ya yi yaushi. Kuma kar a ce wai matsalar talaka ce, a 2006 a Amurka ɗanyen ganyen nan na cikin leda mai kyau ya kwantar da mutum wajen 200, uku suka rasu, saboda wata ƙwayar cuta da ake samu a hanjin shanu. Don haka ni ba na yarda a saka shi ɗanye ko da kin ga wata ta yi haka a Instagram.

Ki samu manyan ɗauri biyu, ki tsinke ganyen ki bar itacen, ki wanke sau uku kina tsamo ganyen daga ruwan zuwa wata roba, ba ki tsiyaye ruwan ta kansa ba don yashin yana ƙasa. Gishiri a ruwan wanki yana taimakawa wajen fitar da tsutsa da datti amma ba ya kashe komai, kar ki dogara da shi. Sai ki tafasa ruwa sosai ki zuba ganyen ya yi kamar minti 2, ki tsame ki jefa a ruwan sanyi don koren ya tsaya. Nan ne mata da yawa ke ɓata aikinsu, sai a tafasa ganye lafiya lau sannan a tsoma shi a ruwan mai garuwa ko na randar da kowa ke sa moɗa, an koma gidan jiya kenan. Ruwan sanyayawar ya zama wanda aka tafasa ya huce ko fiya wata da kika amince da shi. Ki matse shi da hannu wankakke har sai ruwa ya daina ɗiga, za ki ga ɗauri biyun nan sun koma ɗan dunƙule kamar kofi ɗaya, kar ki tsorata haka yake. Ki yanka ƙanana a kan katakon da ba a yanka ɗanyen nama ko kaza a kai ba, wuƙar ma haka.

Sai kindirmo. Kofi biyu za ki zuba a kyalle mai tsabta irin na tatar koko, ki ɗora a kan rariya da kwano a ƙasa, ki sa a firij awa uku ko huɗu ruwan ya ɗige, zai yi kauri kamar man shanu. A firij fa na ce, ba a rataye a bishiyar tsakar gida ba. Idan daga wurin Fulani kika saya ki tambayi mai nonon ko an dafa madarar kafin a kwantar, kindirmo na gaskiya da dafaffiyar madara ake yin sa, kuma ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar bakkale da ke sa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon gaɓoɓi, har da tarin fuka na shanu. Mai ciki kam ko kusa kar ta yi da wanda ba a dafa ba. In kina shakka ki dama madarar gari da tafasasshen ruwa ki kwantar da ita da kanki, ko ki sayi yogot marar suga ki duba kwanan watan da ke jikin robar. Bama rabin kofi ya isa, ta kwalba, ban yarda da wadda ake kaɗawa a gida da ɗanyen ƙwai ba idan taro za a ciyar.

Sauran kayan kuwa kowa da bakinsa. Ni ina sa lawashi kaɗan, tafarnuwa ƙwaya biyu a daka, attaruhu ɗaya, masoro, gishiri, dunƙule ɗaya da ruwan lemun tsami rabin ƙwallo, lemun yana tayar da ɗanɗano kuma yana taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin ganyen, wanda mata ke buƙata don ƙarin jini. A juya da cokali, a rufe, a mayar firij ko da awa biyu ne kafin a ci. Karas da kokwamba a wanke a fere su.

Hannun mai haɗawa shi ne abin da aka fi mantawa. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a hancin mutane da fatarsu da cikin ƙurji, mutum lafiyarsa ƙalau yana yawo da ita, idan ta faɗa abinci mai madara ta samu ɗumi sai ta zuba dafi, kuma dafin nan ko an sake tafasa abincin ba ya mutuwa, ba ya canza wari ba ya canza ɗanɗano, cikin minti 30 zuwa awa 8 sai amai ya turnuke. Ina kyautata zaton ita ta kama mu a walimar nan. Saboda haka mai ɗan karkare ko yanka a yatsa ko mai gudawa ta koma wajen jera kujeru, kar kunya ta hana ki faɗa mata ko da yayar mijinki ce, ki ce Yaya dan Allah ki huta yau mun ɗauke maki. Sabulu da ruwa kafin a taɓa, a yanke farce, a cire zobba, mai goyo kuma in ta wanke wa yaro kashi ta sake wanke hannu da sabulu ba ɗauraya kawai ba.

Ranar taro kar a juye shi duka a babbar tasa ɗaya don a burge dangin miji. A raba a ƙananan kwanuka, a fito da ɗaya ko biyu, sauran su zauna a firij, in ba wuta a sayi ƙanƙara a jera su cikin kula a rufe. Wanda aka fito da shi a ɗora kwanon a cikin wani babba mai ƙanƙara, a inuwa, da murfi saboda ƙuda. Idan ya ƙare a kawo sabon kwano, kar a ƙara sabo a kan ragowar tsoho. A sa cokali kowa ya ɗiba a farantinsa, don na sha ganin yaro ya gatsi karas ya mayar da guntun cikin kwano, manya ma suna yi in sun ga ba a kallonsu. Kuma tunda mun san halinmu, a kati a rubuta ƙarfe biyu a zo ƙarfe biyar, to kar a fito da shi sai an ga mutane sun zauna. In kin san ba ki da firij ba ki da kuɗin ƙanƙara, gaskiya ki haƙura da shi ki yi ɗatu a ci da wuri, ba wanda zai ce bikinki bai yi ba.

Wanda ya wuce lokacinsa a kan tabarma zubarwa ake yi. Na san za a ce almubazzaranci ne, shi ya sa na ce a fito da kaɗan-kaɗan. Abin da ke ƙona mani rai shi ne a ce a ba almajirai, ko a ƙulla wa baƙi a leda su tafi da shi Daura ko Dutsin-ma cikin mota mai zafi. Abin da ba za ki ba ɗanki ba kar ki ba ɗan wani, su yaran nan in cikinsu ya ɓaci da dare ba mai kai su asibiti. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce gurɓataccen abinci na kashe mutum 420,000 duk shekara, 125,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wanda bai taɓa fita daga firij ba shi ne za ki iya ajiyewa, kwana uku, in ba a ɗauke wuta ba.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, a fara da ruwan gishiri da suga, na fakiti ya fi, in babu a samu lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, suga ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan ko ana amai. Mai shan nono a ci gaba da ba shi, yara a haɗa masu da ƙwayar zinc na kwana 10 zuwa 14. Kar a ruga kemis a haɗo filajil da kafso a ɗura wa kowa. Amma in kun ga jini a bayan gida, ko ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke, ko mutum ya kasa riƙe ruwa a cikinsa, ko gudawa tana zuba fara kamar ruwan wankin shinkafa musamman da damina, to asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kuma ku faɗa mana gaskiyar abin da aka ci da mutum nawa suka ci, don mu san ko akwai wasu da za a nemo a gidajensu.