Riƙon ƙwarya a kamfani: wane riƙo ake nufi?

Tun daga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar kalmar "riƙon ƙwarya" ba ta sauka daga bakin 'yan jarida a Yamai ba. Da aka rushe majalisun garuruwa a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, sai ta ƙara samun kasuwa. Yanzu har ta kutsa kamfanoni. Darakta ya tafi aikin Hajji ya bar mataimakinsa, a ce riƙon ƙwarya. Kotu ta naɗa mutum, riƙon ƙwarya. An ɗauko ƙwararre daga waje ya gyara kamfani, shi ma haka. Mutum uku ne, aikinsu bai ko yi kama ba, amma mai karanta labarai a rediyo ya yi musu kuɗin goro.

Na farkon shi ne wanda ma'aikata ke cewa "yana entarim". Ya sa hannu a takarda, ya biya albashi, ya jira mai kujera. Shi ke nan.

Na biyun doka ce ta haife shi. Dokar kamfanoni ta OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka), wadda Nijar ke aiki da ita, tun gyaran da aka yi mata a 2014 ta ba alƙali damar naɗa mai riƙo idan rikicin masu hannun jari ya hana kamfani tafiya. Wa'adinsa ba ya wuce wata 6, in an ƙara ma ba ya wuce wata 12 jimilla.

Na ukun ne ake yi wa rashin adalci. Ku dubi kalmar kanta. Mai nono ta sauke kaya za ta gyara ɗaurin zane, ta ce maka "riƙe mini". Me take so? Kada ka kurɓa, kada ka zubar, ka mayar mata yadda ta ba ka. To wannan na ukun, wanda Faransawa ke kira manager de transition, ba a neman sa sai ƙwaryar ta tsage tana yoyo. In ya mayar da ita yadda ya karɓa, ya ci kuɗin mutane a banza.

A ce wani Alhaji a Tawa ya rasu ya bar kamfanin manyan motoci masu kai albasar Galmi zuwa Abijan. 'Ya'ya goma sha, ɗakuna uku, kowane ɗaki na ganin ɗansa ne ya cancanta. Kafin a sasanta, direbobi sun yi wata biyu ba albashi, banki na bugo waya. Sai a kira wani daga waje, a rubuta masa yarjejeniya: ga aikin, ga ranar tafiya. Makonsa na farko ba taro yake kira ba, littattafai yake buɗewa. Nan zai ga ɗan ƙanen marigayi da ke cirani shekara da shekaru amma sunansa na cikin masu karɓar albashi. Zai ga man da ake rubutawa ya fi tafiyar da motoci suka yi. Zai ga an daɗe ana cire wa ma'aikata kuɗin CNSS, asusun fanshon ma'aikata, ba a kai wa asusun. Duk gidan sun san da haka, amma wa zai buɗe baki ya ce wa Baffa ɗanka ba ya aiki? Baƙon zai iya, don ba zai haɗu da Baffa a wurin suna ba, kuma ba ya neman kujerar. Rabin abin da ake saye a wurinsa ke nan. Sauran rabin shi ne ya zaunar da wanda dangi suka amince da shi kusa da shi, ya koya masa karanta lissafi, kafin ranar ta zo.

Ya bambanta da mai ba da shawara, wanda zai rubuta rahoto mai kauri ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Wannan yana da ikon sa hannu, ya sallami mutum, ya sayar da motar da ta zama kaya. A ƙasar Holan sana'ar ta fara kafuwa a shekarun 1970, kuma kuɗinsa ya fi na darakta na dindindin tsada, ba na musun wannan. Wani ma yakan zo da wuƙa kawai, ya rage ma'aikata ya nuna riba ta wata shida, ya bar baya da ƙura.

Ni dai abin da nake fara tambaya in an ce wane na riƙon ƙwarya shi ne: wace rana zai sauka? Steve Jobs ya karɓi kamfanin Apple na Amurka da sunan riƙo a 1997, ya cire kalmar daga muƙaminsa a 2000, bai bar kujerar ba sai 2011. Shi an yafe masa don ya tsamo kamfanin daga bakin rami. Namu na nan da yawa ba su tsamo komai ba, ranar sauka ce kawai suka manta su rubuta.