Gurɓatacciyar iska da yaran da ba sa ganin allo daga nesa

Me ke faruwa a idon yaron da ba ya ganin nesa?

Ƙwayar idon ce ke yin tsawo fiye da kima, sai hoton abin da ke nesa ya tsaya kafin ya kai bangon bayan ido. Yaro zai karanta littafi lafiya lau, amma rubutun allo ya zame masa dishi-dishi. Idan idon ya riga ya yi tsawo ba ya komawa, tabarau gani kawai yake gyarawa.

To, ina ruwan iska da wannan?

An daɗe ana ɗora laifin a kan gado, yawan karatu da zaman ɗaka, kuma har gobe su ne manyan dalilai. Amma a 2017 wani bincike a makarantun Basalona ta ƙasar Sifaniya ya gano cewa yaran da suka fi shaƙar hayaƙin motoci sun fi yawan sa tabarau. A 2025 kuma aka duba yara kusan 30,000 a birnin Tianjin na ƙasar Sin, aka ga inda iska ta fi tsabta yara sun fi gani da kyau, musamman 'yan firamare.

Abubuwa biyu ake zargi: iskar NO2 da ke fitowa daga salansar mota, da ƙananan ɓurɓushin hayaƙi da ake kira PM2.5. Suna sa ido kumburi da ƙaiƙayi, suna dushe hasken rana, sannan suna sa iyaye su kulle yara a gida. Binciken dai alaƙa ya nuna, bai tabbatar da cewa hayaƙi shi kaɗai ke haddasa matsalar ba.

Ke nan gara a ajiye yara a ɗaki?

A'a, kuma wannan kuskuren ne na fi jin tsoro. Hasken waje yana sa bangon ido ya saki sinadarin dopamin, wanda ke rage saurin tsawon ƙwayar. A wasu makarantun birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya minti 40 na wasa a waje kowace ranar makaranta har shekara 3: kashi 30 cikin ɗari suka kamu da rashin ganin nesa, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan tun 2010 take umartar makarantu su fitar da yara na minti 120 a rana. Kulle yaro saboda hayaƙi hana shi maganin ne. Abin yi shi ne a raba shi da bakin titi: filin wasa nesa da cunkoso, a hana motoci tsayawa da inji a kunne a ƙofar makaranta.

Mu da muke Kano ko Maraɗi fa?

Hayaƙin janareta, babura da shara da ake ƙonawa suna ɗauke da irin wannan gurɓata. Kada a girke janareta kusa da tagar aji. Idan yaro yana matse ido ko yana matsowa gaban allo, a kai shi asibitin ido a auna, kada a ce rashin mai da hankali ne.